Fatura biyu iri ɗaya a ido, gwaji ya ce sam ba ɗaya ba ne

Autan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu ColdFusion, tsohon dandalin nan na rubuta manhajojin yanar gizo, in akwai sauranku a raye, ku kawo mini ɗauki. Tun bayan la'asar nake kan abu ɗaya, ga shi har an sallame isha.

Shirkar da nake wa aiki a nan Jidda kayan gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki muke sayarwa a sari. Tsarin da ke fitar mana da fatura tsoho ne, CFML zalla, wato harshen ColdFusion, wanda ya rubuta shi ya koma ƙasarsu tun kafin a ɗauke ni. Abin da ya yi, ya buɗe cfsavecontent ya zuba tag-tag na XML, tsarin rubutun da na'urori ke musayar bayanai da shi, da hannu kamar mai rubuta wasiƙa, ya cusa cfoutput da cfloop a tsakani. Yana aiki lafiya lau har ranar da wani kwastoma ya zo da alamar & a sunan shagonsa, fayil ya fashe. Mudir, wato manajanmu, ya ce in sake gina shi. Na sake ginawa da XmlNew da XmlElemNew, a ƙarshe in kira ToString.

Kafin in taɓa saba ta gaske sai na ce bari in gwada. Na ɗebo tsofaffin fatura 300 daga rumbun bayanai, na ba tsohon kod, na ba sabo, na sa cfif tsoho EQ sabo, wato in ga ko abin da suka fitar ɗaya ne. Duka 300 sun faɗi. Ko ɗaya bai tsallake ba. Na buɗe biyu gefe da gefe a burauza, wallahi kamar an tsaga kara. To mene ne ban gani ba?

Ɗalibin Madina:
Wa alaikumus salam. ColdFusion a wannan zamani? Auta ka tausaya wa kanka.

Autan Jidda:
Ni ma gado na tarar, ɗan'uwa. Ba ni na zaɓa ba.

Baban Hafsa, Riyad:
Wa alaikumus salam Auta. Ka ƙyale ɗalibi, da wannan harshen aka biya sadakin wasunmu. Tun yana hannun Allaire na fara taɓa shi, Macromedia ta saye su a 2001, Adobe ta haɗiye Macromedia a 2005, har yau ana fitar da sabo. Kayan XML ɗin da kake amfani da su kuwa da ColdFusion MX suka zo a 2002, lokacin da aka mayar da injin kan Java. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani anjima.

Matsalarka ita ce burauza ta yaudare ka. Ita ba rubutun take nuna maka ba, karanta shi take ta gina bishiya, sannan ta zana maka bishiyar yadda ta ga dama. Kai kuma EQ rubutu tsura yake kwatantawa, harafi bayan harafi. Ka buɗe su a edita, ka kunna abin nan mai nuna sarari da ƙarshen layi. Zan iya rantsuwa ba tare da na gani ba: tsohon cike yake da layuka marasa komai, domin duk inda aka sa cfif ko cfloop a cikin cfsavecontent, tag ɗin ya ɓace amma layin da ya zauna a kai ya rage. Sabon kuma ToString ya manna masa layin shela a sama, wanda ke faɗin siga 1.0 da UTF-8. Sannan inda tsoho ya rubuta `<cbc:Note></cbc:Note>` sabo ya rubuta `<cbc:Note/>`. A wurin XML abu ɗaya ne. A wurin EQ bambanci ne kamar dare da rana.

Autan Jidda:
Kawu kamar kana bayana kana leƙen allon. Duka ukun suna nan. Har da na huɗu: sifofin da ke kan tag ɗaya sun sauya jeri, na farko ya koma na biyu.

Bakano a Makka:
Ni fa ba na son wahala. Ka sa reReplace ka share duk wani sarari da tab da sabon layi daga duka biyun, ka yanke layin farko, ka kwatanta. Minti biyar ka tafi ka ci tuwonka. Haka na yi a otal ɗinmu da fayilolin masauki, bai taɓa ba ni matsala ba.

Maman Amira, Dammam:
Bakano, bai taɓa ba ka matsala ba, ko dai bai taɓa gaya maka akwai matsala ba? Ba ɗaya ba ne fa.

Auta kar ka yi haka. In ka share duk sarari, "Shagon Al Nur" da "ShagonAlNur" sun zama ɗaya a gwajinka. A ce sabon kod ɗinka yana cinye sarari a sunan kwastoma ko adireshi, gwajin zai ce lafiya ƙalau, kwastoma ne zai gano maka. Kuma dabarar ba ta ma warware maganar jerin sifofi da tag maras ciki ba. Sai ka ƙara wani reReplace, gobe ka ƙara wani, kafin ka ankara ka rubuta naka mai karanta XML da ba ya aiki. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Bakano a Makka:
To Hajiya, sai a share sararin da ke tsakanin alamar rufe tag da ta buɗe na gaba kawai. Ai wannan bai taɓa sunan kowa ba.

Maman Amira, Dammam:
Wannan ya fi dama-dama, na yarda. Amma har yanzu yana ɓata tag ɗin da cikinsa sarari ɗaya ne tak, kuma yana shiga cikin CDATA, wato rubutu tsura da ba a karanta shi a matsayin tag, ya yi ɓarna in akwai. Ga ƙaramin aiki na kwana ɗaya ba laifi. Ga fatura da ke zuwa hannun hukuma, a'a.

Baban Hafsa, Riyad:
Ku dakata kaɗan, akwai wanda ya fi wannan haɗari, babu wanda ya taɓo shi. Auta, EQ ɗin nan naka, ka san ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami? A CFML "SAR" EQ "sar" gaskiya ne. Alamar daidai biyu a cfscript ita ma haka. XML kuwa ba ya yafe wannan: currencyID da currencyid sifofi biyu ne daban. Ga kuma halin CFML na mayar da sunan maɓallin struct manyan baƙaƙe in ka rubuta shi da ɗigo. Wato kana iya fitar da CURRENCYID, gwajinka ya yi maka tafi, a can kuma a ƙi karɓar faturar.

Sannan in ka sauko kana kwatanta ƙananan ƙimomi, EQ yana wayo irin na banza: in ya ga duka biyun sun yi kama da lamba, sai ya kwatanta su a matsayin lamba. "115.00" EQ "115" gaskiya. "007" EQ "7" gaskiya. Ka yi tunanin lambar fatura mai sifili a gaba.

Yau gwajinka ya faɗi alhali babu laifi, ka rasa barcin dare ɗaya. Wanda nake ji maka tsoro shi ne ranar da zai wuce alhali da laifi. Ka yi amfani da compare, shi yana kula da girman baƙi, in ya dawo da 0 to ɗaya ne. In TestBox kake amfani da shi, toBeWithCase, ba toBe ba.

Autan Jidda:
Innalillahi. Kawu na duba yanzu. A wuri biyu na rubuta sifa da ɗigo. schemeID ya fito SCHEMEID. Da na bi shawarar share sarari da EQ da na wuce da shi.

Bakano a Makka:
To ni na yi shiru. Bari in je in duba nawa.

Ɗalibin Madina:
Tunda an koma magana ta gaske bari in sa baki. Wannan matsalar ai an warware ta tun tuni. W3C ta fitar da Canonical XML a 2001, ana taƙaita shi C14N, siga 1.1 kuma ta fito a 2008. Aikinsa kenan: ya ɗauki XML ya sake rubuta shi a siffa ɗaya tak. Ya cire layin shela, ya mayar da komai UTF-8, ya jera sifofi bisa ƙa'ida, ya mayar da tag maras ciki zuwa buɗewa da rufewa, ya warware CDATA ya zama rubutu, ya daidaita ƙarshen layi na Windows da na Linux. Ka wuce da fayil biyun ta ciki, ka kwatanta. A Linux xmllint yana yi da --c14n, sai ka miƙa wa diff. Shi ke nan, an rufe taro.

Maman Amira, Dammam:
Ba a rufe ba ƙanena, zauna. C14N ba ya taɓa sararin da ke tsakanin tag-tag a cikin takarda. Da gangan aka yi haka, domin ba shi da hanyar sanin wane sarari ne ado, wane ne ma'ana. Layukan banza na cfloop ɗin Auta za su shiga su fito yadda suke, duka 300 su sake faɗuwa. Kuma ba ya sauya laƙabin gidan suna, wato namespace, ɗan guntun nan da ke gaban sunan tag. In fayil ɗaya ya ce cbc ɗaya ya ce ns2 alhali adireshi ɗaya suke nunawa, ga XML ma'ana ɗaya ce, ga C14N bambanci ne.

Ɗalibin Madina:
Anti ai sai a ƙara --noblanks. Kuma Python tun siga 3.8 tana da canonicalize a cikin ElementTree, akwai strip_text, akwai rewrite_prefixes mai sake wa laƙabi suna. Layi uku an gama. Shi ya sa nake cewa a bar tsohon gida.

Maman Amira, Dammam:
Na yarda da kai a kan kayan aikin. Ban yarda a rushe gida don ƙofa ɗaya tana ƙara ba.

Ɗan Mai Wurno:
Salamun alaikum. Na daɗe ina karatu ban yi magana ba. Ni kafin yaƙi a Khartum nake aiki, yanzu Allah Ya kawo mu Riyad, kuma aikin da na samu kan faturar ZATCA ne, wato hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona.

Auta, kafin kowa ya ba ka kayan aiki, sai ka amsa tambaya ɗaya: da ka ce "ɗaya ne", me kake nufi? Domin a faturar Saudiyya tambayoyi biyu ne suke zaune a ɗaki ɗaya.

Zango na farko na Fatura, tsarin faturar na'ura na ZATCA, ya fara 4 ga Disamba 2021, shi dai kawai ka fitar da fatura ta na'ura. Zango na biyu, na haɗewa da tsarin hukuma, ya fara 1 ga Janairu 2023, ana shigar da kamfanoni rukuni-rukuni. A nan ne XML ɗin ya zama dole ya bi tsarin UBL 2.1 na takardun kasuwanci, a sa masa hannu, kowace fatura ta ɗauki hash, wato zanen yatsa na fayil, na wadda ta gabace ta, kamar sarƙa. Yadda ake fitar da hash ɗin: a cire UBLExtensions, a cire ɓangaren QR, a cire Signature, a wuce da sauran ta C14N 1.1, a yi SHA-256, a mayar base64. Kamar yadda Hajiya ta faɗa, sarari yana tsira daga C14N. Ma'ana sarari ɗaya da ka ƙara tsakanin tag biyu ya sauya hash.

Na taɓa ganin wannan a wurin aikinmu. Wani abokin aiki, da kyakkyawar niyya, ya sa a riƙa gyara wa fayil zama, a tura kowane layi ciki don ya yi daɗin karatu kafin a aika. Bayan an riga an sa hannu. Kwana biyu muna neman dalilin da hash bai dace ba, mun zargi satifiket, mun zargi agogon saba, mun zargi juna. Duk gwajinmu kore ne shar, domin duk mun koya musu su kau da kai daga sarari.

Saboda haka gwaji biyu kake bukata, kar ka gwama su. Na ɗaya: shin sabon kod yana faɗin abin da tsohon yake faɗa? A nan sarari ba ruwanka, kuma hash ɗinsu ba zai taɓa zama ɗaya ba, ba kuma dole ne ya zama ba. Na biyu: shin fayil ɗin da na sa wa hannu shi ne ya fita daga saba ba tare da wani ya taɓa shi ba? A nan ko numfashi aka yi a kansa sai gwaji ya yi ihu.

Autan Jidda:
Allah Ya saka da alheri Yaya, Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Gaskiya ni na ɗauka in sabo bai ba da hash irin na tsoho ba to na yi kuskure. Wannan kaɗai ya sauke mini dutse daga ka.

Ɗan Mai Wurno:
Amin ya Rabbi. Ba kuskure ba ne. Abin da ya wajaba shi ne fatura ta farko daga sabon kod ta ɗauki hash na ta ƙarshe daga tsohon, kuma lambar ƙidaya ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan ma ka rubuta masa gwajinsa daban.

Baban Hafsa, Riyad:
Madalla. Yanzu mu koma kan abin da na ce ka riƙe. Tunda injinka Java ne a ƙasa, ba sai ka fita gida ba. Da createObject ka kira DocumentBuilderFactory, ka karanta fayil biyun, ka yi isEqualNode. Yana cikin DOM mataki na 3, shi bishiya yake kwatantawa, bai damu da jerin sifofi ba, bai damu da yadda aka rubuta tag maras ciki ba. Amma ka kunna setNamespaceAware, ka kunna setCoalescing don CDATA ya narke cikin rubutu, ka kunna setIgnoringComments in tsohon ma'aikacinku ya bar sharhi a ciki.

Tarko ɗaya da na faɗa ciki da kaina: akwai setIgnoringElementContentWhitespace, sunansa kamar shi ne maganin ciwonka. Ba ya aiki sai mai karatun yana tantancewa da DTD ko makamancinsa. In babu, zai yi shiru ya bar maka sararinka. Ni abin da nake yi, ƙaramin XSLT mai kwafe komai yadda yake, da layi ɗaya na strip-space a sama, in wuce da fayil ta XmlTransform kafin kwatance.

Maman Amira, Dammam:
Malam, da girmamawa, isEqualNode eh ko a'a kawai ya iya faɗa. Fatura mai layi 80 ta faɗi, ya ce maka a'a, ya juya baya. Sai ka zauna kana lalube. Ni XMLUnit nake so saboda yana nuna maka wurin: ga hanyar XPath, ga abin da aka sa rai, ga abin da aka samu. Ka jefa jar ɗinsa a babban fayil na lib, ka kira DiffBuilder, ka sa ignoreWhitespace da checkForSimilar. Yana da matakai biyu na daidaito, wanda suke ɗaya sak da wanda suke ɗaya a ma'ana. Bambancin laƙabi da CDATA yana ɗaukar su a na biyun. Kuma yana bari ka tace abin da ba ka so a kwatanta.

Wannan tacewar kuwa Auta zai bukace ta, domin UUID, lambar shaida ta kowace fatura, da lokacin fitarwa da QR da sa hannu ba za su taɓa zama ɗaya a gudu biyu ba.

Baban Hafsa, Riyad:
A kan nuna wuri kin fi ni gaskiya Hajiya, ba gardama. A kan tacewa ne ban bi ki ba. Duk abin da ka tace ka daina gwada shi. Na ga tsarin da aka tace lokacin fitarwa daga gwaji, aka koma sabuwar saba da agogonta ke kan UTC, fatura ta riƙa fita da awa uku baya da agogon Saudiyya. Wadda aka yanka ƙarfe 1 na dare ta koma ta jiya. Ba wanda ya sani sai ƙarshen wata. Ni a ganina kar kod ya kira now ko createUUID da kansa a tsakiyar aiki. A miƙa masa su daga waje. A lokacin gwaji ka ba tsoho da sabo lokaci ɗaya, lamba ɗaya, sai ka kwatanta komai ba ragi.

Maman Amira, Dammam:
A sabon kod, e. Tsohon fa? Wa zai shiga cikin cfsavecontent na mutumin da ya tafi ya fara tiyata? Auta yana so ya binne shi ne, ba ya yi masa kwaskwarima ba.

Baban Hafsa, Riyad:
Ba sai ya taɓa shi ba. Yana da tsofaffin fayiloli a ajiye. Ya karanto lokaci da UUID daga cikin tsohon fayil ya ciyar da sabon kod da su.

Maman Amira, Dammam:
To wannan na karɓa. QR da sa hannu dai dole a tace su, tunda suna rataye da hash.

Ɗan Mai Wurno:
Ƙari ɗaya a kan checkForSimilar, Hajiya ki gyara mini in na kauce. In an sa shi ya haɗa tag-tag da sunansu, wato ElementSelectors.byName, yana ɗaukar sauyin jerin 'ya'yan tag a matsayin abu mai sauƙi, ya wuce. UBL kuwa jeri yake bi. In IssueTime ya riga IssueDate fitowa, tsarin ya karye ko da duk bayanan suna nan. Don haka ko dai a gaya masa jeri laifi ne, ko a haɗa da XmlValidate a kan XSD na UBL, fayil ɗin da ke ɗauke da ƙa'idojin tsarin.

Maman Amira, Dammam:
Ba ka kauce ba. Ni duka biyun nake yi. Kuma Auta, in daga struct kake zagayawa kana fitar da tag, ka sani struct na yau da kullum ba ya riƙe jeri. Sai ColdFusion 2016 aka kawo mai jeri. Kar ka dogara da yadda ya fito yau a laftof ɗinka.

Mai Zaure:
Jama'a ana ƙaruwa. Tunatarwa kawai: kar wanda ya manna fatura ta gaske a nan da sunan kwastoma ko lambar harajinsa. A goge kafin a turo.

Autan Jidda:
Barkanmu da Asabar. Jiya bayan Juma'a na zauna na bi abin da kuka ce. XMLUnit, lokaci da UUID daga tsohon fayil, QR da sa hannu a tace, XSD a gefe. Daga 300 da suka faɗi yanzu saura 19. Kuma waɗannan 19 sun kasu uku.

Guda 4 masu alamar & ne da makamantanta, tsohon fayil ɗin ne ma ba ya karantuwa, wannan na sani. Guda 6 sun ba ni ciwon kai: XMLUnit ya ce sunan kwastoma ya bambanta, ya nuna mini biyun, na zura musu ido har hawaye, Larabci iri ɗaya, harafi iri ɗaya. Guda 9 kuma halala ɗaya, wato ɗaya bisa ɗari na riyal, ce ta bambanta a jimillar haraji.

Ɗalibin Madina:
Shida ɗin nan bar mini su, wannan fagena ne, kullum muna fama da shi a rubutun Larabci. Kama da wane ba wane ba ne. Alif mai hamza a sama ana iya rubuta shi da harafi ɗaya, U+0623, ana kuma iya rubuta shi da biyu, alif U+0627 sai hamza U+0654 a kansa. A allo ba ka rabe su. Ko kuma akwai alamar nan da ba a gani, U+200F, mai gaya wa na'ura rubutu daga dama yake, tana yawan biyo sunan da aka kwafo daga Excel ko WhatsApp. Ka auna tsawon biyun da len. In sun bambanta, ka zagaya harafi-harafi ka fitar da lambar kowane da asc.

Autan Jidda:
Ɗalibi na janye duk abin da na faɗa a raina game da kai. U+200F ne, a ƙarshen sunan. Na tuna ma na sa wani ɗan aikin tsaftace suna a sabon kod, shi ya cire ta. Tsohon yana barin ta.

Ɗalibin Madina:
To ka ga a nan sabon ne mai gaskiya. Ka rubuta su a matsayin bambancin da aka sani, kar ka koya wa gwajin ya daina ganin su gaba ɗaya. Na hamza kuma in ya taso, Java tana da Normalizer, ka mayar da suna NFC tun lokacin shigar da shi rumbu. Mu ma Hausawa abin ya shafe mu: wani ya rubuta ƙ da lanƙwasarta, wani ya rubuta k da alamar ɗauri a baya, wani k tsura. Wannan kam babu Normalizer da zai haɗa maka su.

Bakano a Makka:
Na dawo. Halalar nan tawa ce, ni akanta ne kafin in zama mai taɓa kod. Auta, ina kyautata zaton ɗaya yana lissafa harajin kowane layi ya zagaye shi sannan ya tara, ɗayan yana tarawa sannan ya lissafa sau ɗaya. Ga misali da kashi 15 ɗin da ake biya tun Yulin 2020. Kaya uku, kowane riyal 33.30. Harajin kowane 4.995, ka zagaye ya zama 5.00, sau uku 15.00. In ka tara tukuna, 99.90, harajinsa 14.985, ka zagaye 14.99. Ga halalarka.

Autan Jidda:
Haka ne dai-dai Yaya. Tsohon yana tarawa tukuna. Ni ne na sa zagayewa a cikin cfloop.

Bakano a Makka:
To tsohon ya fi ka gaskiya a nan. Harajin rukuni a kan jimillar rukunin ake lissafa shi, a zagaye sau ɗaya. Kuma ka rabu da lissafin kuɗi da lambobin na'ura na yau da kullum, irin 14.985 ɗin nan suna iya zama 14.98499 a ciki su zagaye ƙasa. Akwai precisionEvaluate, ko ka kira BigDecimal kai tsaye. Halala ɗaya ba ta sayen ko ruwan baƙala, amma in ta taru a fatura dubu, ranar haɗa lissafin wata sai ka ga akantanku yana kallon ka wani iri.

Game da nawa kuwa, Hajiya, na duba. Akwai sunaye da suka manne da juna tun bara. Ban ce komai ba.

Maman Amira, Dammam:
Ni ma ban ce komai ba.

Auta, abu ɗaya kafin ka kai wa mudir. Ka ɗauki fatura ɗaya da ta wuce, ka ɓata ta da hannunka. Ka sauya halala ɗaya, ka gudu. Ka mayar da SAR ƙananan baƙaƙe, ka gudu. Ka musanya tag biyu, ka cire layin kaya ɗaya, ka cinye sarari a tsakiyar suna. Kowane sai ya fito ja. In wani ya wuce, to tacewarka ta yi faɗi, ka koma ka matse ta.

Autan Jidda:
Na gwada biyar ɗin Anti. Huɗu sun fito ja. Wanda na musanya tag biyu a cikin AdditionalDocumentReference ya wuce, ashe na tace dukkan tag masu wannan suna, ba na QR kaɗai ba. Kenan ƙidaya da hash na baya ma ban gwada su ba duk tsawon nan. Ina gyarawa.

Ɗan Mai Wurno:
Ka tace da abin da ke cikin cbc:ID, wanda ya ce QR shi kaɗai. ICV, wato lambar ƙidayar, ka bar shi a kwatanta. PIH kuma, wato hash na baya, tunda daga tsohon fayil za ka ciyar da shi, shi ma zai dace.

Baban Hafsa, Riyad:
Kuma 300 ɗin nan ta yaya ka zaɓe su? In na ƙarshe-ƙarshe ka ɗebo, ka duba ko akwai takardar mayar da kaya a ciki, da mai rangwame, da ta kwastoman da ba shi da lambar haraji. Gobe Lahadi ana komawa aiki, kar ka ɗora shi kan saba da safe. Ka bari sai an tashi.

Autan Jidda:
Na ƙarshe-ƙarshe na ɗebo Kawu. Na duba yanzu, takardar mayar da kaya ko ɗaya babu a ciki. Bari in ci abinci in dawo in sake ɗebowa.